Dez Tuckwell da Alfakar Masu Kuɗi

Mijin yayata, Desmond Tuckwell, wanda duk garinmu Binnaroo ke kira Dez, ya shekara talatin da ɗaya yana askin tumaki. Ba gwani ba ne, ba kuma za a ce masa dolo ba. Ranar da jiki ya yi daɗi yakan aske ɗari da ashirin. In ya zauna a mashaya sai su koma ɗari biyu, in kuwa baƙo ne ke sauraro har ɗari uku suke kaiwa. Manoman yankinmu sun san hannunsa, sun san bakinsa, sai suke biyan hannun suna haƙuri da bakin. Gonaki goma sha huɗu ne ke kiransa duk shekara, da su ya ciyar da yayata Noeline da 'ya'yansu uku.

Ni sunana Lorna. Ni ke da shagon abincin dabbobi da ke kallon gidan waya, don haka duk abin da ke da ƙafa huɗu a yankin nan na san mai shi, na san abin da yake ci.

A watan Yuli aka kawo bitar kasuwanci ta yini ɗaya a zauren gari. Malamin wani saurayi ne daga birni, mai takalmi mai tsini. Dez ya je ne don an ce akwai abincin rana kyauta. Da la'asar sai ga shi a shagona, ya dafa kanta da hannu biyu kamar zai sayi shagon.

"Lorna, kin san abin da ya hana ni arziki?"

Na ce, "Bakinka."

"Kowa ne. Ina yi wa kowa aiki. Malamin ya ce mai kiran kowa ba wanda ke amsa masa. Ka zaɓi mutum ɗaya, ka san shi ciki da bai, ka tsaya a inda ba zai ga kowa ba sai kai."

Ya zaro takarda daga aljihu ya shimfiɗa. Hoton wata mata ne da ya yanko daga mujalla, da faffaɗar hula da kofi a hannu.

"Wace ce wannan?"

"Penelope. Kwastomata."

"A ina take?"

"Babu ita tukuna. Ƙirƙirar ta ake fara yi, sannan a fita nemanta. Shekararta hamsin da biyu, lauya ce daga Sydney, ta gaji da birni ta sayi fili a kan Tudu. Tana da alfaka uku, kowacce da sunanta. Ba ta tambayar farashi, Lorna. Kunyar tambaya take ji."

Tudu shi ne inda 'yan birni suka sassayi filaye a 'yan shekarun nan, suka gina gidajen gilashi. Alfaka kuwa dabbar nan ce mai dogon wuya da tulin gashi, kamar ɗan raƙumin da ya manto tozonsa a gida.

Na ce, "Dez, ni ke sayar da abincin alfaka a garin nan. In gaya maka su wa ke saye?"

Ya ɗaga mini hannu. "Malamin ya ce a guji masu kashe gwiwa, musamman dangi."

Sai na koma kan aikina.

Sati bai zagayo ba, ba wanda bai ji labarin Penelope ba. Penelope ba ta son hayaniya, Penelope tana son ƙamshi, Penelope ba za ta yarda mutum ya shigo mata da singileti ba. Matar mai gidan mai ta tare Noeline a layin burodi, ta sassauta murya ta ce tana ganin ya kamata ta sani, Dez ya yi budurwa.

Noeline ta ce, "In za ta ɗauke shi, ki gaya mata ba ya cin albasa, kuma yana minshari."

Daga nan sai wasiƙu. Guda goma sha huɗu Dez ya rubuta wa manoman da yake yi wa aski, ya sa hannu da sabon alƙalami. Tsoho Clarrie Hedges ne ya kawo tasa shagona. Clarrie ya ba saba'in baya, yana da tumaki dubu huɗu, kuma tun zamanin mahaifin Dez gidan Tuckwell ke yi masa aski. Mutum ne da ke auna magana kamar da kuɗi yake sayen ta. Ya sa tabarau ya karanta mini.

"Bayan nazari mai zurfi, na gano cewa kai da tumakinka ba ku cikin rukunin da nake nufa." Ya ɗago kai. "Lorna, me ake nufi da rukuni?"

"Yana nufin ya sallame ka."

"To." Ya ninke takardar. "Na san ana canza wanzami. Ban san wanzami na korar kai ba. Ba ni lambar yarinyar nan."

Hinewai yake nufi, wata 'yar New Zealand da ke da masu aski huɗu a ƙarƙashinta. Shekara biyu tana neman ƙofar shiga yankinmu, manoma suna ce mata suna da Dez. Kafin azahar na rubuta lambarta sau goma sha huɗu.

Shi kuwa gogan naka ya kai a-kori-kurarsa an fesa mata fenti ruwan hoda. A jikin ƙofa an rubuta: Desmond, Gyaran Gashin Alfaka, Ga Waɗanda Suka San Daraja. Ya yar da Tuckwell, ya ce sunan yana warin garke. Ya hana a kira shi Dez. Ya sayi farar riga da ɗan gyale na wuya, da man ƙamshi, da ƙaramar rediyo da za ta riƙa yi wa dabba kiɗa mai sanyi.

Wata Asabar motata tana wurin makanike, ina da abincin kaji da zan kai Tudu, shi kuma ranar ya sa zai fita neman Penelope. Na roƙe shi ya rage mini hanya. Ya yarda bisa sharaɗin in kwantar da kai in mun iso ƙofar mutane, don rigata ba ta dace da sunan kamfani ba.

Gida na farko ƙofar ƙarfe ce da ɗan akwatin magana a jikinta. Dez ya danna, ya gyara gyale, ya yi wa akwatin jawabi na minti biyar. Da ya gama sai wata murya ta ce, "Yi haƙuri, muna Sydney, sai Kirsimeti muke zuwa. Amma kana yankan ciyawa?"

"Ba layina ba ne."

A gida na biyu wata mata ce ta fito da hular raga, tana kiwon zuma. Ta saurare shi da ladabi har ya kai aya.

"Ba ni da alfaka," in ji ta. "Amma ka ce kai mai aski ne? Ina da tumaki shida, gashi ya yi musu yawa har ba sa gani. Wata uku ina neman wanda zai zo, kowa ya ce sun yi kaɗan. Maƙwabcina yana da huɗu, na gaba da shi takwas. Ko nawa ka ce za mu biya."

Na ɗago kai daga inda na ɓuya. Na yi tari. Na sake yin tari.

Dez ya yi murmushin tausayi. "Uwargida, na bar tumaki. In kin sayi alfaka, ga katina."

Da muka hau hanya na ce, "Ta ce ko nawa ka ce."

"Gwaji ne, Lorna. Malamin ya ce za a jarrabe ka. In ka karɓi aikin da ba naka ba, ka ruɗa kasuwa."

Gida na uku ne ya sa ya taka birki har buhun kaji ya faɗo. Can ƙasan fili, kusa da tafki, ga alfaka uku farare tas, ɗaya ta sunkuya tana kiwo, biyu sun ɗaga kai. Dez ya dube ni kamar wanda ya ci zaɓe. Maigidan yana bakin ƙofa yana wanke mota, wani siriri mai gajeren wando.

Dez ya sauka, ya kare ido da hannu, ya girgiza kai. "Ranka ya daɗe, wa ke kula maka da su?"

"Da su wa?"

"Dabbobin. Daga nan ma ina gani. Ta tsakiyar gashinta ya daskare. Ta hagun kuma ba ta da walwala, dubi yadda ta ƙame. Shekara talatin ina wannan aiki, kallo ɗaya nake wa dabba in san damuwarta."

Mutumin ya kashe ruwa. "Na siminti ne. Matata ce ta saya. In kana so ka ɗauka, sun ishe ni."

Mun yi tafiyar kilomita biyar. Sannan na ce, "Yanzu dangi na iya magana?"

Ban jira izininsa ba, na ci gaba.

"Alfaka goma sha ɗaya ce a duk yankin nan. Biyu na wata tsohuwa ce da ke aske abinta da almakashi. Taran da suka rage na manoma ne, suna sa su cikin garke su kori yanyawa daga 'yan raguna. Duk taran, masu su suna cikin mutanen da ka rubuta wa wasiƙa."

Na ga wuyansa ya yi ja har cikin gyale. Na zaci ya ji. Sai ya bugi sitiyari ya ce, "Wato kasuwar budurwa ce, ba wanda ya taɓa ta. Ba a samun kasuwa, Lorna, gina ta ake yi. Mutanen Tudu ba su sayi alfaka ba ne don ba su ga mai gyara musu ba. Zan nuna musu a bajekolin manoma na bana."

Satumba ta shigo, sanyi ya ja baya, rumfunan aski suka ɗauki ƙara daga wannan gona zuwa waccan. A da, wannan ne watan da Dez ke kawo abin da gidansa zai ci har shekara. Bana yana zaune a tsakar gida yana goge motar hoda. Noeline ta ƙara kwanakin aikinta a gidan kula da tsofaffi, ƙafafunta suna kumbura. Ta daina yi masa ba'a, wanda a wurin yayata ya fi zagi muni. Ta ce masa kawai, "Bayan bajekoli, ko ka kawo aiki, ko ka je ka ba Clarrie haƙuri. Ba na uku."

Sai dai nunin aski yana buƙatar dabba. Tsohuwa mai almakashi ta ce ko gawarta ba za ta ba shi aro ba. Dole ya zo shagona ranar da ya san Clarrie na zuwa sayen gishirin lasa.

"Clarrie, abokina, ina neman aron alfakarka ta yini ɗaya."

"Ni da ba na cikin rukuni?"

"Dabbar tana ciki. Kai ne ba ka ciki."

Clarrie ya dube shi. Sannan na ga gefen bakinsa ya motsa, abin da rabona da gani tun shekarar da farashin gashin tumaki ya ninka.

"Zan kawo maka Sajan," in ji shi. "Kyauta."

Sajan namiji ne, baƙi, kunnensa ɗaya a yage. An san yanyawa bakwai da ya tattake har lahira, da karen wani baƙo da ya koma gida da ƙafa uku. Duk shekara sai maza uku da igiya suke kwantar da shi a aske shi. Dez bai san haka ba, domin duk shekara in an zo kan Sajan shi yana waje yana shan shayi yana ba da labari.

Ranar bajekoli rana ta fito sosai. An gama gasar raguna, ana gasa nama, mutane sun cika maƙil a bakin shingen fili. Manoma goma sha huɗun nan sun zo da wuri sun kama gaba, wasu har da kujerun ninkewa. 'Yan Tudu ma sun zo da hulunansu. Dez ya shimfiɗa farin kyalle a tsakiyar fili, ya kunna rediyo, aka maƙala masa ɗan makirufo a ƙirji, muryarsa ta cika lasifika.

"Jama'a, zamanin kama dabba kamar buhun dankali ya wuce. Akwai masu aski, akwai kuma masu fasaha. Masu aski suna da yawa, ga su nan kuna gani. Mai fasaha ɗaya ne."

Hinewai tana jingine da shinge, da igiya a kafaɗa. Ta ce, "Kawu, ka ɗaure ƙafafunsa tukuna. Ga igiya."

"Yarinya, ina aski tun ba a haife ki ba."

"Na tumaki."

"Gashi gashi ne."

Clarrie ya jawo Sajan, ya saki, ya fita, ya rufe ƙofar shinge da kyau, har ya gwada sakatar sau biyu.

Dez ya zuba man ƙamshi a tafin hannu, ya matso a hankali, yana magana ƙasa-ƙasa. "Da farko, jama'a, sai ka nemi amincewar dabba. Ka kalle ta ido cikin ido."

Sajan ya kwantar da kunnuwa. Wani abu ya yi gurnani daga cikinsa ya taso ta dogon wuyan nan, muna ganin tafiyarsa. Clarrie ya cire hula ya kare fuska, ko da yake yana nesa.

Abin da ya fito kore ne, mai kauri, ciyawar jiya da ta shekaranjiya. Ya sami Dez daga goshi har gyale. Warin ya iso layin gaba, 'yan Tudu suka ja da baya da kofunansu.

Dez ya share ido ɗaya. "Wannan alamar ya saki jiki ne," in ji lasifika.

Wani manomi ya ce, "Ƙwarai. Ya saki."

Daga nan Dez ya manta fasaha, ya koma abin da ya sani. Ya cafki wuyan Sajan, ya sa gwiwa zai zaunar da shi kan gindi kamar tunkiya. Sajan ya saki wata ƙara kamar ƙofar ƙarfe mai tsatsa, ya miƙe da Dez a rataye a wuyansa. Injin askin yana kunne a hannunsa, ya zana dogon layi ɗaya daga kafaɗa har wutsiya kafin waya ta tsinke. Suka zaga fili sau biyu, ƙafafun Dez na jan ƙasa, rediyo na ta kiɗanta mai sanyi. A zagaye na uku Sajan ya taka rediyon, ya yi girgiza, Dez ya faɗi cikin kwamin ruwan dabbobi.

Da ya fito sai ya yi kuskuren gudu. Sajan aikinsa ke nan, bin abin da ke gudu. Ya kora shi kusurwar shinge inda aka tara ragunan gasa, ya matse shi a tsakaninsu, ya tsaya a gabansa ya baje ƙafafu. Dez ya motsa hagu, ya sha tofi. Ya motsa dama, ya sha shuri a cinya. Sai ya durƙusa tsakanin raguna biyu ya rufe kai. Makirufon bai mutu ba, duk filin muna jin numfashinsa.

"Noeline. Noeline, ki ce masa ya bari."

Yayata tana kusa da ni tana cin nama a tsinke. Ta ce, "Ba na cikin rukuni."

"Clarrie, don Allah."

Clarrie ya taho a hankali, ya dafa shinge. "Wa ke magana? Desmond ne, ko Dez?"

Sajan ya sake gurnani.

"Dez ne."

"Dez wane?"

"Tuckwell."

"To, shi na sani."

Ya kaɗa bokitin hatsi, Sajan ya juya ya bi shi kamar ɗan akuya. Hinewai ta tsallaka shinge da mutanenta biyu, suka sa igiya, suka kwantar da shi a kan farin kyallen Dez. Minti bakwai ta yi ta gama, Sajan ya tashi siriri fes yana harare-harare. Ba ta yi jawabi ba. Kafin ta naɗe igiyarta, matar nan mai zuma da maƙwabtanta sun yi layi a gabanta, mai tumaki shida, mai huɗu, mai takwas, ba wanda ya tambayi farashi.

Dez ya bi ta bayan rumfar kaji ya fice. Motar hoda kuwa sai da ta kwana biyu a filin, don ya ce ba zai tuƙa ta ta tsakiyar gari ba.

Ranar Litinin Noeline ta kai shi gonar Clarrie da kanta, ta zauna a mota har ya shiga. Clarrie ya karɓi ban haƙurin, amma ya ce askin bana da na baɗi ya riga ya ba yarinyar, shi ba ya magana biyu. Hinewai, da ke gonar tana aski, ta dubi Dez daga sama har ƙasa, ta ce masu askinta sun cika, sai dai akwai aiki ɗaya da yaranta ke gudu. Kafin a kawo tunkiya wurin aski, sai an rage mata gashin gindi, inda kashi ke daskarewa ƙudaje su yi ƙwai. Tumaki dubu huɗu, gindi dubu huɗu. Dez ya waiga ya ga Noeline ta gilashin mota. Ya karɓi injin.

Ranar Juma'a na shiga mashaya da yamma kai wa mai wurin abincin karensa, na tarar da Dez a kujerarsa ta kullum, ya sami wani baƙo mai sayar da taraktoci ya tsare. Mutane sun ɗan ja kujerunsu nesa da shi.

"Sirrin kasuwanci, abokina, shi ne ka ƙware a fanni guda," yake cewa. "Dube ni. A duk yankin nan, daga kogi har Tudu, ba mutum ɗaya da ke gasa da ni a abin da nake yi."

Baƙon ya juya wurin Clarrie. "Da gaske ne?"

Clarrie ya kurɓi abin shansa, ya ajiye.

"Da gaske ne," in ji shi. "Ka dai bar shi ya wanke hannu kafin ku gaisa."